Yadda Ake Sauya Saitin Ƙaramar Bindiga a Gida: Misali da Glock 19

A Amurka, mutum in ya sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock sabuwa fil, abin da yakan fara rabuwa da shi shi ne saitin da ta zo da shi daga kamfani, wato 'yan alamun nan biyu na samanta da ake daidaita ido da su wajen harbi. Na roba ne: ɗan tsini mai farin ɗigo a gaba, sai na baya mai tsaga da aka zagaye da farin layi. Yana aiki, ba a ce ba ya yi ba. Amma yawan zarewa da mayarwa cikin kube yana cinye gefensa, in ya bugu da abu mai ƙarfi yana iya gocewa, kuma da zarar gari ya yi duhu shi ke nan, sai lalube. Shi ya sa kamfanoni irin su Trijicon, AmeriGlo, XS, Dawson Precision da Meprolight suke da kasuwa babba a kan wannan ɗan guntun ƙarfe.

Aikin ba shi da wuya. Mai haƙuri zai gama shi cikin sa'a ɗaya a kan teburin gareji. Mai gaggawa kuwa zai kankare jikin bindigarsa, ya karya sukurun gaba, ya fasa 'yar kwalbar hasken da ke cikin sabon saitin, wadda ya biya kuɗi mai yawa a kanta, sannan ya kwashi kayan ya kai wa mai gyara. Bambancin mutanen biyu abu ɗaya ne: na farkon yana tsayawa da zarar ƙarfe ya ƙi tafiya, na biyun yana ƙara ƙarfi.

Maganar doka tukuna. Wannan bayani na wanda ya mallaki bindigarsa bisa ƙa'ida ne, a inda doka ta yarda ya taɓa ta da kansa. A Amurka saiti kaya ne da ake saya a aiko maka har gida, daga shaguna irin su Brownells na jihar Iowa ko MidwayUSA na Missouri. A Najeriya ba haka abin yake ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma gyaran bindiga ma ba aikin da kowa zai yi a ɗakinsa ba ne.

Zaɓen saiti

Iri uku ne suka cika kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe zalla, babu ɗigo babu haske, wanda masu harbin takarda da rana suke so saboda gefensa yana fita tas. Akwai mai zaren haske, wato ɗan siririn sandan roba ja ko kore da ke tara hasken rana ya ƙyalla a ƙarshensa. Da rana babu kamarsa, amma yana karyewa, kuma da dare bai fi baƙin ƙarfe ba. Na uku shi ne mai tiritiyom, iskar gas ce a cikin 'yar kwalbar gilashi da ke haskawa da kanta ba batir. Ƙarfin tiritiyom yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, don haka saitin da ya daɗe a kantin mai kaya ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa. Wasu kamfanonin suna buga shekarar ƙira a jikinsa. Ka duba.

Ni dai a ganina, a sa mai ƙyalli a gaba, a bar na baya baƙi. Ido na gaba ya kamata ya kama. In aka jera ɗigo uku masu haske iri ɗaya, biyun baya sun fi kusa da fuska, su ne za su janye ido. Wasu ba su yarda da wannan ba, kuma suna harbi da kyau, to kowa da idonsa.

Abin da ba a yi masa ra'ayi shi ne girma. Glock 17, 19, 22, 23 da 26 galibi saiti ɗaya suke ɗauka. Manya masu harsashin 10mm da .45, irin su 20 da 21, nasu tsayin daban. Sirara kuwa, 42, 43, 43X da 48, na bayansu ya fi ƙanƙanta. Ka sayi na gaba da na baya tare, daga kamfani ɗaya, waɗanda aka rubuta lambar bindigarka a kwalinsu. In ka haɗa na gaban wannan kamfani da na bayan wancan, tsayinsu ba zai daidaita ba, harsashi ya riƙa sauka sama ko ƙasa, kuma babu turawar da za ta gyara wannan. Akwai kuma dogayen saiti da ake sayarwa, an yi su ne don a riƙa hangensu ta saman na'urar rage ƙarar harbi, ko ta cikin gilashin saiti mai jan ɗigo da ake ɗorawa a kan bindiga. In ba ka da ko ɗaya, ba ka buƙatarsu, sai dai su riƙa maƙale maka a kube.

Wata dabara kafin ka taɓa komai: ka je filin harbi da tsohon saitin, ka harba biyar-biyar a yadi 10 da yadi 25, ka rubuta irin harsashin a jikin takardar, ka ajiye. Ita za ta gaya maka daga baya ko sabon saitin ne ya kawo matsala, ko dama can haka hannunka yake.

Kayan aiki

Na gaba yana buƙatar 'yar sifana ta musamman mai baki shida, girman 3/16 na inci, mai siririyar leɓe. Soket ɗin makanike na wannan girman ba ya shiga, saboda sukurun yana manne da bangon cikin silaid, wato ƙarfen saman bindigar da ke zamewa gaba da baya. Araha gare ta, wasu kamfanonin ma suna sako ta a kwalin.

Na baya kuma hanya biyu ce. Ko dai na'urar turawa, wadda ke riƙe silaid ta tura saitin a hankali in ana murɗa sukurunta, irin ta MGW ko Wheeler, ko kuma bayis na tebur da ƙaramar guduma da sandar duka ta tagulla ko ta roba mai tauri. In saitinka mai tiritiyom ne, ka nemi na'urar ko da aro ne. Kwalbar gilashi ce a ciki, kuma wasu kamfanonin ba sa karɓar kayan da aka ga alamar guduma a jikinsa.

Sauran ƙananan kaya: samfefa mai laushi, lamba 320 ko 400, guntun gilashi ko tayil mai santsi, baƙar maka, tef na takarda, sifirit ko asiton da auduga mai tsinke, man bindiga, gam ɗin kulle zaren sukuru na Loctite, da ma'aunin baniya na dijital, wanda ke da ɗan sanda a gindinsa na auna zurfi. Sai tabarau na kare ido. Sifirin ba ya sallama kafin ya yi tsalle.

Game da Loctite: shuɗi, lamba 242 ko 243, yana riƙewa amma yana kwancuwa da hannu. Ja, 262 ko 271, sai an gasa shi da zafin da ya kai kusan digiri 250 a ma'aunin Salshiyas kafin ya saki. Wasu masu ƙera saiti ja suke cewa a sa a sukurun gaba. In takardar cikin kwalin ta faɗi wani iri, ka bi ta. In ta yi shiru, shuɗi ya isa, muddin ka wanke zaren da kyau.

Sauke bindiga da kwance ta

A nan ne mutane ke harbin bangon ɗakinsu, saboda Glock sai an ja kunama take kwancuwa. Don haka a bi tsari. Ka cire magazin, wato gidan da ake jera harsasai. Ka ja silaid baya ka kulle shi. Ka leƙa ɗakin harsashi da ido, ka sa ɗan yatsa ka taɓa, ka leƙa ramin magazin ka ga haske ya fito ta ƙasa. Ka kwashe duk harsashi da magazin ka kai wani ɗakin daban, ka dawo ka sake dubawa. Sannan ka saki silaid, ka juya bakin bindiga inda ko da ta tashi ba za ta sami kowa ba, ka ja kunama.

Yanzu ka riƙe bindigar da hannu ɗaya, yatsu huɗu a kan silaid, babban yatsa a bayan mariƙi, ka ja silaid baya kaɗan, kamar milimita 3. Da ɗaya hannun ka jawo 'yan maɓallan nan biyu da ke gefe da gefe a saman kunama zuwa ƙasa, ka tura silaid gaba, zai zame ya fita. Ka cire sifirin, ka cire bututu. Silaid kaɗai za ka yi aiki a kansa. Ka naɗe gefensa biyu da tef, musamman kusa da gurbin da saitin baya ke zaune.

Cire tsofaffin

Na gaba: ka kifa silaid, za ka ga kan sukuru a ƙarƙashin saitin. Ka sa sifanar ta zauna daram, ka danna ƙasa sosai yayin da kake juyawa hagu, saboda kan sukurun siriri ne, in sifana ta zame sau biyu kusurwoyinsa sun tafi. Tsofaffin Glock wasu ba su da sukuru, robar ce aka buɗa ta daga ciki. Waɗannan sai a kama da filaya daga sama a murɗa a fizge. Ba za ka sake amfani da shi ba ai.

Na baya yana zaune ne a wani gurbi da aka yanka a kwance a kan silaid, ƙasansa da faɗi, bakinsa a tsuke, shi ya sa ba ya fita ta sama sai ta gefe. Al'adar masu gyara ita ce, in ka riƙe silaid bakinsa na kallon gaba, a fitar da saiti daga hagu zuwa dama, a shigar da sabo daga dama zuwa hagu. Ka duba takardar sabon saitin, in ta ce akasin haka ita ce gaba. Ka ɗiga mai kaɗan a gurbin. Na roban Glock ba ya gardama, ɗan turi kaɗan zai fita, wani lokaci ma ya lanƙwashe.

In bayis za ka yi aiki da shi, ka lulluɓe leɓensa da fata ko katako, ka matse silaid ta ƙarshen bayansa inda yake da kauri, gurbin ya ɗan ɗara leɓen bayis kaɗan. Kada ka matse tsakiya, wajen tagar da kwanso ke fita. Bangon wurin siriri ne, in ya lotsa silaid ba zai ƙara gudu daidai a kan jikin bindigar ba, kuma wannan asara ce ta gaske.

Bayan sun fita, ka wanke gurbin baya da ramin gaba da asiton har auduga ta fito fara.

Sa na gaba

Ka fara gwadawa babu gam. Ƙafar saitin doguwa ce kamar ƙwai, ramin ma haka, sai ta faɗa ciki. Ka ɗaura sukurun a hankali har ya tsaya, ka kama saitin da yatsa ka girgiza. In sukuru ya ƙure amma saiti yana motsi, to sukurun ya yi tsawo, ya taɓo ƙarshen ramin kafin ya matse. Kada ka ƙara murɗawa, a saiti mai tiritiyom kwalbar tana dab da wurin. Ka goge bakin sukurun a samfefa kaɗan, ko ka nemi gajere. Shi ya sa ba a amfani da tsohon sukuru a sabon saiti, kowane da nasa yake zuwa.

In ya zauna lafiya, ka kwance, ka wanke sukurun da ramin zaren da asiton, domin daga kamfani da maiƙo suke zuwa kuma gam ba ya kama maiƙo. Ɗigo ɗaya ƙarami a jikin zaren sukurun. A jikin sukurun, ba a cikin ramin ba, don kada ya taru a ciki ya hana shi shiga. Ka ɗaura har ya kusa tsayawa.

Yanzu ka juya silaid ka kalle shi daga sama. Ramin yana da ɗan sarari, saiti yana iya karkacewa kaɗan, kuma ƙarfin ɗaurin ƙarshe yakan juya shi. Ka jingina rula a gefen saitin ka ga ko ta tafi daidai da tsawon silaid. In ya karkace, ka naɗa tef a bakin ƙaramar sifana mai daidaitawa, ka kama saitin ka miƙar da shi, ka riƙe shi a haka yayin da kake ƙarasa ɗaurin. Da kan yatsu uku ake ɗaure wannan sukuru, ba da tafin hannu ba. Da ka ji ya tsaya, ka ƙara ɗan taɓi kaɗan, ka bari. In ya karye a ciki da gam a jikinsa, fitar da guntun ya fi duk aikin wuya. Ka goge gam ɗin da ya tsatso.

Sa na baya, inda aikin yake

Yawancin saitin ƙarfe ana yin su ne da ɗan kauri fiye da gurbin, da gangan, saboda gurbin kowace bindiga yana ɗan bambanta da na 'yar'uwarta. Kai za ka rage shi ya dace da taka.

Ka ɗauko shi ka tura ta gefen dama da yatsa kawai. Ka tabbata fuskar da ya kamata ta kalli mai harbi ita ke baya. Ana sa shi a juye fiye da yadda kake zato. In yana da ɗan sukurun matsewa a samansa, ka janye shi sama har ya daina leƙowa ta ƙasa, in ba haka ba zai ja layi a gurbin. Abin da ake nema shi ne ya shiga da ƙarfin yatsa kamar kashi ɗaya cikin uku na gurbin, ko ya kusa rabi, sannan ya cije. In ya yi haka, sai turawa. In kuwa bakinsa kawai ya shiga, ko ya ƙi ma sam, to sai an rage.

Ƙa'idar ita ce: a jikin saiti ake gogewa, ba a jikin silaid ba. Saiti in ya lalace ka sayi wani. Gurbi in ya buɗe ya buɗe har abada, duk saitin da ka kawo nan gaba zai yi masa sako-sako. Balle ma fatar silaid ɗin Glock an tauraro ta ƙwarai, magagari da ƙyar yake cinta, sai dai ya ɓata baƙin.

Ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi. Ka shafe ƙasan saitin da gefensa masu gangara da baƙar maka. Ka ɗora ƙasansa a kan samfefar, ka danna da yatsa a tsakiya, ka ja sau biyar zuwa gefe ɗaya. Ka juya shi, ka ja sau biyar kuma, don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ka duba: in baƙin makar ya goge ko'ina daidai, hannunka a miƙe yake. In kusurwa ɗaya ce ta yi fari, kana jinginawa can. Ka goge ƙurar, ka gwada a gurbi. Da yake ƙafar saitin ta fi faɗi a ƙasa, duk abin da ka cire daga ƙasan yana rage faɗinta ne. Za ka ga yana ƙara shiga kaɗan-kaɗan. Ka maimaita. Abin da ake cirewa gaba ɗaya sau da yawa bai kai kaurin takarda ba, kuma kamar tela ne da almakashi, abin da ya yanke ba ya komawa.

Akwai inda goge ƙasa ba ya magani. Wasu saitin suna da leɓe da ke hawa kan silaid ta gaba ko ta baya. In ka rage ƙasa har leɓen ya zauna a kan silaid, ƙarin gogewa ba zai sassauta komai ba, sai dai ka ga haske yana ratsawa ta ƙarƙashi. Alamar makar za ta nuna maka: in ka zaro shi ka ga gangaren gefe ne ya yi fari, to can yake cizo. A nan sai ƙaramin magagari mai kusurwa uku wanda aka shafe fuskarsa ɗaya, don ya ci gangaren kawai ba tare da ya taɓa leɓen ba. Fuska ɗaya za ka zaɓa ka tsaya a kanta, ja biyu ko uku, ka gwada.

Da ya kai inda ake so, ka wanke shi, ka shafa mai kaɗan a wurin da ka goge tunda ƙarfen ya fito tsirara, ka tura da yatsa har ya cije. Ka sa silaid a na'urar, ka kulle shi sosai ya zauna a miƙe. Ka daidaita haƙorin na'urar ya dafa gindin saitin, can ƙasa dab da gurbi, amma kada ya taɓa silaid. In ya dafa saman kunnen saitin, zai lanƙwasa shi ko ya tsaga kwalbar. Ka juya a hankali. Ya kamata ka ji nauyi amma yana tafiya sumul. In ka ji ya tsaya cak, hannun na'urar ya fara yi maka nauyi har kana neman ƙara masa bututu, ka dakata. Ka mayar da shi baya, ka koma kan samfefa. Da guduma ma haka ne: sanda a gindin saiti, duka ƙanana a jere, kana dubawa bayan kowane uku. In sai ka ɗaga hannu sama kafin ya motsa, bai gama dacewa ba. Tagulla takan bar jan tabo a baƙin ƙarfe, wannan ba rauni ba ne, ruwan wanke bututu yana cire shi.

In kuma ka wuce gona da iri har saitin yana ratsa gurbin da yatsa, ba a rasa mafita ba. Mai sukurun matsewa zai riƙe da sukurunsa da ɗigon gam. Wanda ba shi da shi, wasu sukan kifa shi su ɗan buga tsinin ƙarfe a ƙasansa sau biyu ko uku, ƙarfen ya tattaro ya ƙara kauri. Ba a yi wa mai tiritiyom haka. Shi sai dai sabo.

Tsakaita shi da ma'auni, ba da ido ba. Ka jingina gindin ma'aunin a gefen silaid, ka tura sandan zurfin ya taɓa gefen saitin, ka rubuta. Ka yi haka a ɗaya gefen. Ka tura har lambobin biyu su zo ɗaya. Sukurun matsewa ka ɗan ɗaure shi kawai, gam sai an dawo daga filin harbi.

Ka mayar da bututu da sifirin, ka ɗora silaid. Ka ja shi sau da yawa ka ji ko wani abu yana gogawa, musamman kan sukurun gaba da bututu. Ka sake tabbatar da babu harsashi, ka juya ta wuri mai aminci, ka ja kunama, ka riƙe, ka ja silaid, ka saki kunama a hankali har ka ji ƙas. Sai ka ajiye ta. Loctite yana son sa'a 24 kafin ya gama kamawa, kuma wanda ya tafi harbi da yammar ranar yakan dawo babu na gaba.

A filin harbi

Ka zauna, ka ɗora hannuwanka a kan buhun yashi, ka harba biyar a yadi 10 a tsanake, sannan biyar a yadi 25. Tsakiyar tarin ramukan ake dubawa, ba rami ɗaya ba. Ka yi amfani da harsashin da ka saba, domin mai nauyin giren 115 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da mai 147 ba lallai su sauka wuri ɗaya ba. Mai nauyin yakan ɗan hau sama. Ka kuma san yadda aka ƙera saitinka: wani a kan saman tsinin gaba harsashi ke sauka, wani kuma a bayan ɗigon, sai ka rufe abin da kake bara da shi. Da yawa daga masu cewa sabon saiti yana harba ƙasa, wannan ne bai zauna musu ba.

In kai badame ne kuma ramukan sun taru ƙasa ta hagu, kada ka taɓa saiti tukuna. Wannan sananniyar alama ce ta fizgar kunama da matse mariƙi lokacin tashi. Bahago kuma ƙasa ta dama. Ka ɗauko tsohuwar takardar nan ka gwada, ko ka ba wani gwani ya harba biyar. In shi ma can ta kai shi, to saiti ne.

Gyaran gefe: na baya ana tura shi inda ake so harsashi ya koma. Yana sauka hagu, ka tura shi dama. Nawa za a tura? Ka ninka kuskuren da tazarar da ke tsakanin saiti biyun, ka raba da nisan takarda, duka a ma'auni ɗaya. A Glock 19 tazarar kusan inci 6 ce. Yadi 25 inci 900 ne. In kuskuren inci 3 ne, 3 sau 6 ya ba da 18, a raba da 900, ya zama 0.02 na inci, wato rabin milimita. Ka ga ɗan abin da ake magana a kai. Ka ja layi da fensir daga saitin zuwa silaid kafin ka tura, don ka ga tafiyarsa, ka kuma auna bayan ka tura.

Gyaran sama da ƙasa kuwa sai an sauya tsayi, kuma lissafin ɗaya ne. Yana sauka ƙasa, ka nemi na gaba mafi gajarta ko na baya mafi tsawo. Yana sauka sama, akasin haka. Glock kansu suna yin na baya a tsayi huɗu, milimita 6.1, 6.5, 6.9 da 7.3. Kowane mataki na 0.4 yana ɗaga harsashi kusan santimita 6 a yadi 25 a kan Glock 19. Sauya na gaba ya fi sauƙi tunda sukuru ɗaya ne, kuma kamfanoni kamar Dawson suna sayar da shi a tsayi iri-iri. In komai ya zauna, ka cire sukurun matsewa, ka wanke, ɗigon shuɗi, ka ɗaure.

In ba Glock ba ce

Tsarin gurbin baya kusan ɗaya ne, amma kowace da halinta. A Smith & Wesson M&P, ƙarƙashin saitin baya akwai ɗan sifirin da murfinsa na makarin allurar harbi. Ka sa yatsa a kai yayin da saitin ke fita, in ba haka ba za ka yini kana share ƙasa da tocila, kuma bindigar ba ta da aminci sai an mayar da su daidai. Springfield XD ta yi suna wajen matsewar saiti, ƙananan na'urori sukan lanƙwashe a kanta. SIG Sauer lamba suke bugawa a jikin nasu, irin su 6 da 8, gaba da baya duk a gurbi suke, don haka ka karanta lambar tsohon kafin ka yi oda. Tsohuwar ƙirar 1911 ta soja, na gabanta dasa shi ake yi ta rami a baje ƙafarsa daga ciki da kayan aiki na musamman. Beretta 92FS kuwa na gabanta a jikin silaid aka sassaƙa shi, ba ya cirewa. Waɗannan biyun, da duk aikin da zai kai ga yanka sabon gurbi, na mai injin yankan ƙarfe ne.

Bayan harbi ɗari ko biyu na farko, ka kama saitin gaba da yatsa ka girgiza, ka duba layin fensir ɗin baya ko ya goce. Mai zaren haske kuma ka nisanta shi da asiton da ruwan wanke birki, suna sa shi ya dushe ya yi rauni. In ya karye, sayar da zaren ake yi, mai kaurin 0.040 ko 0.060 na inci. Ka yanko guntun da ya ɗan fi gurbinsa tsawo, ka kusantar da wutar laita ga ƙarshe ɗaya ba tare da ta taɓa shi ba har ya kumbura, ka zura shi ta fuskar da ke kallonka, ka ja shi ya zauna, ka yanke ɗaya ƙarshen ka bar kamar milimita 1, shi ma ka narkar da shi.